Inda Hotunan Matan Nima Suke Sauka

Latifatu ba mace ce mai fara'a ba, ba ta kuma taɓa roƙon a ce mata haka ba. Duk wanda ya saba bin lungun da ke bayan kasuwar Nima ya san kwantenar nan mai shuɗin fenti da ya fara ɓarewa, ya san matar da ke zama a ciki daga azahar zuwa magariba, tabarau a kan karan hanci, baki a tsuke kamar buhun da aka ɗaure. In ka gaishe ta za ta amsa. In ka ƙara da hira, sai ta tambaye ka me ka kawo.

Sitika take bugawa. A Zongo, wato unguwannin Hausawa irin Nima, biki bai cika ba sai an raba wa mata bokiti da mafici da kofi, kowanne da hoton amarya ko na jariri a manne. Dole a sami mai tsara hoton, ya kewaye shi da furanni, ya rubuta suna, ya buga, ya yanke. A wannan yanki na Nima, shekara da shekaru, Latifatu ce mai wannan aiki.

A unguwar Maamobi, maƙwabciyar Nima, aka haife ta, a gidan haya mai famfo ɗaya da maƙwabta fiye da kima. Ubanta mai gadi ne, kakanta ɗan sanda ne na zamanin Turawa, daga gare su ta gaji tsayuwa a wuri ɗaya har sai an sallame ka. Tana budurwa ta koyi tafireta, ta zauna ƙarƙashin lema a unguwar Tudu tana buga wa direbobi da 'yan kasuwa takardu. A can Wahab ya gan ta. Mutum ne mai surutu, ita kuwa ba ta son masu surutu, amma ranar da ruwa ya kwashe mata lema da tebur, shi ne ya shiga kwata har gwiwa ya ciro mata tafiretar. Abin da ta gani ke nan, shi ta aura.

Wahab ya buɗe kwantenar ne don buga waya, zamanin da mutane ke yin layi su kira ɗan'uwa a Kano ko Yamai. Wayar hannu ta zo ta kashe wannan sana'a, sai ya sayo kwamfuta da firinta. Shi ya koya mata aikin, koyarwa irin tasa: danna nan, danna can, ban da tambaya. In mace ta turo hoto ta Watsaf, ki buɗe burauza, ki haɗa lambarki, ki sauke hoton, sannan ki buɗe folda mai ruwan ɗorawa da ke kan allo, za ki same shi a ciki. In kin gama ki cire lambarki kafin ki tashi. Wurin da aka rubuta saiti kuwa, ya ce ɗakin injiniya ne, kada ta leƙa. Ba ta leƙa ba. Turanci tana karantawa sarai, amma muddin aiki yana tafiya ba ta ga dalilin taɓa abin da aka hana ta.

Wahab ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya mai aure a Kumasi. Tana cikin takaba, ƙaninsa Ƙasimu ya karɓi makullin kwantena, wai don kada masu kawo aiki su watse. Ta fita takaba, makulli ya ƙi dawowa. Aka kai magana gaban Baba Osumanu, babba a gidansu Wahab, ya raba musu yini: Ƙasimu daga safe zuwa azahar, ita daga azahar zuwa magariba. Kwamfuta ɗaya, kujera ɗaya. Tsohon ya ƙara da cewa wanda aiki ya guje wa ya bar wa ɗan'uwansa wurin, ba sai an sake zama ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita Ƙasimu ya ji.

Shi fastar adu'ar mamaci yake bugawa, da ta 'yan ƙwallon unguwa, aikin da ke zuwa yau ya ɓace sati. Ita kuwa mata ba sa yanke mata. A gaban mutane yana kiranta Anti, murya kamar zuma. In sun rage su biyu wajen canjin kujera, ko sallama babu. Yakan sauke kujerar ƙasa don ta sha wahalar ɗagawa. Ita kuma takan goge madannai da tsumma a gabansa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda ta tarar da kashin kaji. Matashin da take zama a kai ma da shi take zuwa, da shi take komawa gida.

Ana nan, sai hotuna suka fara kwana.

Za ta sauke hoto, ta buɗe folda mai ruwan ɗorawa, wayam. Ta sake saukewa, wayam. Washegari in ta zo da azahar sai ta tarar da shi zaune a ciki kamar bai yi komai ba. Ta haɗiye girman kai ta tambayi Ƙasimu sau ɗaya.

“Anti, netwok ne,” in ji shi, yana tattara kayansa. “Injin ma ya tsufa. Komai in ya tsufa sai a hankali.”

Ta gane da wa yake. Ta kuma yarda da batun injin, tunda ta ga tafireta ma tana tsufa. Daga nan ta kafa sabuwar doka, tana faɗa wa mata da fuskarta ta kullum: hoto sai ya kwana a cikin injin kafin ya fito, kowa ta turo nata da wuri. Mata suka karɓa, har suna faɗa wa junansu a wajen suna cewa hoton Latifatu kamar ƙullun koko ne, sai ya kwana yake yi.

Sai dai wasu hotunan ba sa fitowa ko sun kwana nawa. Kuma ba ƙanana ba, sai na babban biki. Uwar amarya ta zo yau, ta zo gobe, biki yana matsowa, ta fita tana tsaki. A bakin lungu sai ta ci karo da Ƙasimu, ya tausaya mata, ya ce ta turo masa ta lambarsa, shi yana da hanyarsa. Haka aiki ya riƙa zubewa daga hannun Latifatu kamar gari daga buhu mai huji. Magana ta kai kunnen Baba Osumanu cewa idon matar Wahab ya raunana, hannunta ya mutu.

Abin da ya rage mata shi ne Magajiya. Hajiya Amama ita ce magajiyar matan wannan yanki, ita ke zaɓen yayi, wato atamfar ankon da za a ɗinka a kowane biki, ita ke cewa a je wurin wance, a kuma je. Inda ta sa ƙafa nan mata ke sawa. 'Yarta Rafi'atu ta gama karatun jinya za ta yi aure, Magajiya ta zo kwantena da kanta, ta cika ƙofa.

“Latifa, zan turo miki hoton yarinyar nan. Na mafici ne, na zaman mata kaɗai. Ba ɗankwali a kanta, kitsonta da gwal ɗinta duk a waje. Ko angon bai gani ba, ba kuma zai gani ba sai ranar. Kin ji ni?”

“Na ji, Magajiya.”

“Ana cewa aikinki ya lalace. Ni na ce ƙarya ne. Kada ki kunyata ni.”

Hoton ya shigo wayar Latifatu. Ta haɗa lambarta, ta sauke, ta cire lambarta, ta rufe kwantena. Ya kwana, bai fito ba. Ta sake saukewa. Ya sake kwana, bai fito ba.

Ƙasimu ya san kwamfuta, amma bai san mata ba. Ganin babban kifi ya shigo, bai jira Magajiya ta gaji ta neme shi ba. Ya tsara mafici ɗaya, ya ƙawata shi iya ƙawatawa, ya sa riga mai guga, ya kai mata har gida don ta ga bambancin hannu. A tsammaninsa za ta yaba furannin.

La'asar ba ta yi sanyi ba Magajiya ta iso kwantena da mata biyu a bayanta. Ta wurga maficin a kan madannai.

“Wannan mene ne?”

Latifatu ta duba. Rafi'atu ce, kai a buɗe, tana murmushi a tsakiyar furannin da ba nata ba.

“Namiji ya shigo min gida da kan 'yata a buɗe a hannunsa! Ta cikin kasuwa ya bi da shi, yana fifita! Ei, Latifa! Ke kaɗai na tura wa. Ke kaɗai!”

“Ban ba shi ba.”

“To aljani ya ba shi?”

“Ban ba shi ba, Magajiya. Ni kaina hoton bai fito min ba.”

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariyar ƙeta. “Bai kwana ba ne, ko? A wurinki yana kwana, a wurin ƙanin mijinki yana tashi da asuba.”

Magajiya ta ɗauke maficinta. “Gobe zan kai aikin New Town, masu injin buga takardu sun cika titi a can. Kuma zan faɗa wa mata, wadda ke son hotonta ya yi yawo a aljihun maza ta kawo wa Latifa.”

Latifatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Rantsuwa abin bakin kowa ce, Ƙasimu ma ya iya. Ta rufe kwantena tun kafin magariba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta so ta kira 'yarta a Kumasi, wayar ta tsaya cak, tana nuna cewa ta cika. Dama ta kwana biyu tana wannan iskanci, saboda zanen furanni da Latifatu ke saukewa ta burauzar wayar. Haushi kan haushi, ta biya ta rumfar Mashud a Maamobi.

Mashud mai gyaran waya sa'anta ne, tare suka taso a gidan haya ɗaya, kuma shi ma fara'a ba ta dame shi ba. Ya karɓi wayar ya latsa.

“Ke, katin memori ne a ciki fanko, kin bar wayar tana haɗiyar komai a cikinta. Wa ya sa miki katin?”

“Marigayi.”

“Allah ya jiƙansa, ya sa rumbu bai nuna wa hatsi hanya ba.”

Ya buɗe burauza, ya taɓa ɗigo uku da ke kusurwa, ya shiga saiti, ya gangara wurin saukewa, ya zaɓi katin. Ya miƙo mata. “Daga yau duk abin da kika sauke katin zai tafi.”

Ba ta karɓa ba. Tana kallon allon.

“Sake yi in gani.”

“Makaranta na buɗe?”

“Mashud, sake yi.”

Ya sake, yana gunaguni. Ta ce, “Wato ana canza inda abu ke sauka.”

“To da fa? Ƙofa ce, inda ka juya ta nan kaya ke shiga.”

“A kwamfuta ma?”

“Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ke lafiya? Kin yi fuska kamar mai karɓar gawa.”

Ta karɓi wayarta. Ta koma Nima da ƙafa, ta buɗe kwantena ana kiran magariba. Ta kunna injin, ta buɗe burauza, ta tsaya da hannu a kan linzamin kwamfuta. Wahab ya ce kada ta leƙa. To Wahab yana ƙarƙashin ƙasa, ita ce a sama da abin kunya a wuya. Ta shiga saiti, ta nemo wurin saukewa. Ba sunan folda mai ruwan ɗorawa ba ne a rubuce. Sunan wani wuri ne daban, kuma mai wurin bai ko ɓoye kansa ba, ya sa masa sunansa, Ƙasimu. Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta zura hannu bayan injin inda ya jingina da bango. Yatsunta suka taɓa ɗan filashi na ajiyar hotuna, ƙarami kamar ƙwayar dabino, a cake. Wurin mai sunan Ƙasimu a cikinsa yake.

Ashe injin bai tsufa ba. Duk abin da ta sauke, can yake faɗawa. Da safe Ƙasimu ya zaɓa: wanda bai so ya mayar mata folda, wanda ya so ya riƙe. Ita kuma tana ta koya wa matan Nima cewa hoto yana kwana.

Hannunta ya so ya fizge filashin. Ta hana shi. In ta cire ta kai, zai ce ita ta zuba hotunan a ciki don ta yi masa sharri, kuma bakinsa ya fi nata daɗi. Ta bar komai yadda ta same shi, ta rufe, ta wuce gidan Magajiya. Ba a ba ta wurin zama ba, ba ta kuma nema ba.

“Ban zo ba da haƙuri ba,” ta ce daga bakin ƙofa. “Gobe da azahar, kafin ki tafi New Town, ki biyo ta kwantena da wayarki. Gani ya kori ji. In ba ki ga komai ba, ki faɗa wa mata abin da kika ga dama.”

Magajiya ta zo, don son ganin ƙwaƙwaf ba ya barin magajiya ta zauna. Ta zo da matan jiya da ƙarin wasu, daidai lokacin canjin kujera. Ƙasimu ya miƙe da murmushi, yana zaton aikin aka kawo masa. Matan suka tsaya a ƙofa, ba hanyar fita.

Latifatu ta ajiye matashinta ta zauna. “Magajiya, ɗauki hoton duk abin da kike so yanzu, ki turo min.”

Magajiya ta dubi Ƙasimu sama da ƙasa, ta cire takalminta ɗaya, ta ɗauki hoton ƙasansa, ta tura. Latifatu ta haɗa lambarta, ta sauke a gaban kowa, ta buɗe folda mai ruwan ɗorawa. Wayam.

“Sai ya kwana,” in ji mai dariyar jiya.

“Ba zai kwana ba.” Latifatu ta buɗe wurin da ke ɗauke da sunan Ƙasimu. Ga ƙasan takalmin Magajiya a sahun farko, da ƙurar Nima a jikinsa. Kusa da shi Rafi'atu. Ƙasa da ita kuwa hotuna ne a jere har allo ya kasa ɗauka: amare, masu jego, 'yan mata da lalle, wata ma da zane ɗaurin ƙirji tana riƙe da jariri. Mai dariyar ta matso ta leƙa, dariyar ta mutu, don mai ɗaurin ƙirjin ƙanwarta ce.

“Anti, ajiya ce kawai,” in ji Ƙasimu. “Don kada su ɓace in an ɗauke wuta. Taimakonki nake yi, wallahi.”

Latifatu ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa, ta zaro filashin, ta sa a tafin Magajiya.

“Hajiya, ayyukana suna ciki! Fastocin mutane, adu'ar jibi tana ciki!”

“Kai, rufe min baki,” in ji Magajiya. “Wa ya haife ka da za ka tara matan mutane a aljihu?” Ta waiwaya ta ƙwala wa mai sakwarar da ke maƙwabtaka kira. Aka gungaro turmi har ƙofar kwantena. Ta jefa filashin a ciki, ta ɗaga taɓarya da hannunta mai zobba, ta sauke. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Kowace mace sai da ta yi nata dukan, har abin ya koma kamar garin barkono baƙi, aka juye a kwata. Ƙasimu yana tsaye yana kiran sunan Baba Osumanu.

Magajiya ta mai da numfashi, ta juyo kan Latifatu, fuskarta ba ta saki ba.

“Shi mun ga halinsa. Ke kuma fa? Mun ba ki amana, ba ki san ma inda kike ajiye ta ba. Wata nawa muna turo miki 'ya'yanmu suna faɗawa hannun wannan?”

“Ban sani ba. Yanzu na sani.”

“Gyara a gabana.”

Latifatu ta koma saiti. Ta ciro sabon filashi daga ƙullin zaninta, wanda ta saya da safe a wurin Mashud, ta caka shi a gaba inda kowa ke gani, ta juya wurin saukewa zuwa gare shi. A ƙasa ta ga wani maɓalli da ke cewa burauza ta riƙa tambaya kafin ta ajiye kowane abu. Ta kunna shi ma. Ta sauke hoton Rafi'atu. Injin ya tambaye ta inda za a sa, ta nuna masa, hoton ya fito nan take.

Magajiya ta sa aka kawo mata benci. Ba ta je New Town ba, amma ba ta bar wurin ba sai da aka buga mafici na ƙarshe, aka goge hoton a kan idonta. Ba ta ce an gode ba. Latifatu ma ba ta jira ba.

Da magana ta je gaban Baba Osumanu, ya ce shi bai san kwamfuta ba, abin da ya sani Ƙasimu jininsu ne, ba za a kore shi a kan rigimar mata ba. Amma bai ce Latifatu ta tashi ba, don sharaɗinsa aiki ne, aiki kuwa ya dawo. Ba duka ba. Akwai matan da har yau New Town suke zuwa, suna cewa wadda aka yi wa sau ɗaya za a sake yi mata.

Suna nan su biyu a kwantenar. Ya daina kiranta Anti ko a gaban mutane, ita ma ta huta da jin ƙarya. Yana sauke kujera, tana goge madannai. Kowace azahar, kafin ta amsa gaisuwar kowa, sai ta buɗe saiti ta karanta inda kaya ke sauka, ta zura hannu bayan injin ta shafa. Sau da yawa takan tarar ya kashe maɓallin tambayar, wai yana ɓata masa lokaci. Ta sake kunnawa. Da magariba ta zare filashinta, ta ƙulle a bakin zani, ta ɗauki matashinta.

Wata rana wata mai jego da ba ta ji labari ba ta turo hoton jariri, ta ce za ta dawo gobe in ya kwana.

“Zauna,” in ji Latifatu, ba ta ɗago kai ba. “Ba abin da ke kwana a nan.”